Giɓin Shekaru a Takardar Mai Neman Aiki

Waɗanda suka koya mana aikin ɗaukar ma'aikata sun taso ne a zamanin da aiki ke neman mutum. Kuɗin mai sun shigo, an yi ƙarin albashin Udoji a 1974, shirin ilimin firamare kyauta ya kankama a 1976, mai takardar sakandare ma ba ya daɗewa a gida. Wasiƙa ce ake rubutawa da hannu, a maƙala takardun makaranta, shi ke nan. To a irin wannan yanayi, in aka ga shekara biyu ba a san inda mutum ya yi su ba, sai zargi: ko dai korarsa aka yi, ko ya yi zaman kaso. Korar da gwamnatin Murtala ta yi wa ma'aikata fiye da 10,000 a 1975 ta ƙara wa zargin gindin zama. Tun daga nan magabatanmu suka saba bin kwanan wata da jan biro, suna zagaye duk inda aka yi tsallake.

Mun gaji jan biron, amma ƙasar ta sauya a hannunmu. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo da rage ma'aikata da hana ɗaukar sababbi. Masaƙun Kakuri a Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, haka masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano. Haɗe bankuna da aka kammala a ƙarshen 2005 ya mai da su 25 daga 89, ma'aikata da yawa suka koma gida ba da laifinsu ba. Duk da haka wasunmu ba su daina tambayar nan ba, da fuska a ɗaure: “Malam, daga nan zuwa nan ina ka shiga?” Kamar ba a garin suke ba.

Tsoron wannan tambaya ne ya haifar da cike giɓi da ƙarya. Da shagunan buga takardu da kwamfuta suka yawaita, sai mai shago ya zama mai ba da shawara: ya ja wa mutum shekarar barin aiki gaba kaɗan, ko ya ƙaƙaro masa kamfanin wani kawu. A da hakan na wucewa. Yanzu kuwa waya ɗaya ta isa, ga kuma asusun fansho da dokar 2004 ta kawo, wanda ke nuna watan da aka daina zuba kuɗi. Giɓi ana iya yafe shi, amma ban taɓa zama a kwamitin da ya yafe kwanan wata na jabu ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin giɓin nan ba fanko ba ne. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa ya rubuta mana “harkar kaina” kawai, yana sunkuyar da kai. Da aka tsananta tambaya, ashe acaɓa ya yi, kuma shi ne ma'ajin ƙungiyarsu, yana riƙe da littafin kuɗin shiga da fita na mutum fiye da ɗari. Abin da muke nema ke nan ga mai kula da sito, ya ɓoye don kunya. Mata sun fi kowa shan wannan: aure, goyo, jinyar mahaifiya, takaba. Layi ɗaya ya wadatar, a faɗi shekarun da dalilin, a ƙara da abin da aka yi a ciki, ko koyarwa a Islamiyya ce ko saye da sayarwa daga gida. Ba a neman dogon ban haƙuri.

Annobar korona ta 2020 ta sassauta zukata, don ta zaunar da manya da ƙanana, har dandalin neman aiki na LinkedIn ya buɗe gurbin rubuta hutun aiki a 2022. Sai dai matsalar ta koma wani wuri. Yanzu ta intanet ake cike fom, kuma na'ura ce ke fara tacewa kafin idon mutum ya gani. Tallar aiki ta ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, alhali yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, ga jiran kiran bautar ƙasa. Irin wannan giɓin ba ya ma isowa teburinmu balle mu tambayi mai shi dalili.