Laftana Cairns da sojojinmu a dajin Bama

Wanda duk ya daɗe a Ikko ya san Barikin Dodan da ke Obalende, da Myohaung a Yaba, da Arakan a Apapa. Waɗannan duka sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ba Bama ta Borno ba. Can ne aka kai kakanninmu yaƙin Japan, da yawansu Hausawa, har ma Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya ta lokacin.

A watan Maris na 1944, dakarun Ingila da ake kira Chindit suka sauka da jirage a bayan layin Japanawa, domin su datse hanyar jirgin ƙasa a kusa da Mawlu. Akwai wani tudu mai ɗakin bauta a bisansa, nan aka yi arangama gaba da gaba, har bindiga ta koma sanda. Wani hafsan Japan ya kai wa Laftana George Cairns sara da takobi, ya datse masa hannun hagu. Cairns ya kashe shi, ya ɗauki takobin da hannun da ya rage, ya ci gaba da jan mutanensa har ya faɗi. Raunin nan ne ajalinsa. Kafin yaƙi ma'aikacin banki ne.

Aka rubuta takardar neman a ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila. Sai jirgin Janar Wingate, shugaban rundunar, ya faɗi ranar 24 ga Maris da takardar a ciki. Magana ta kwanta. Matar Cairns ce ta tayar da ita bayan yaƙi, ta bi ta hannun ɗan majalisar yankinsu, aka nemo shaidu, sannan a 1949 aka ba da lambar.

Wallahi ya cancanta, ban ce komai a kan wannan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, sansanin da aka kafa a wurin, mai suna White City, sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka riƙe shi a watan Afrilu, Japanawa na kai musu farmaki dare da rana. Bataliya uku aka kai daga ƙasar nan cikin Chindit, ta 6 da ta 7 da ta 12. Victoria Cross huɗu rundunar ta samu a 1944, ba ɗan Afirka ko ɗaya. Wasu namu sun sami ƙananan lambobi, amma baƙar fata a lokacin da wuya ya wuce saje manja, kuma matar da ke zaune a Katsina ko Bauchi wane ɗan majalisa za ta je wa?

A Zariya har yau akwai Barikin Chindit.