Barewa: Makarantar da Aka Gina Don Malamai

A watan Maris na 1922 Gwamna Hugh Clifford ya je Katsina ya buɗe kwalejin horar da malamai, wadda aka soma karatu a cikinta tun 1921. Ba a banza Turawa suka zaɓi garin ba. Katsina tsohon gidan ilimi ne, ga shi kuma jirgin ƙasa bai kai can ba, balle ya kwaso jaridun Ikko da hayaniyarsu. Samari masu ladabi ake so, a tsamo su daga lardunan Arewa, su yi shekara biyar, kowa ya koma garinsu ya riƙe alli.

Haka kuwa aka yi. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Sakkwato koyarwa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Bauci. Hidimar jama'a a wurinsu ba darasin aji ba ce, bashi ne da yaro zai biya lardin da ya turo shi.

Sai dai wanda ka koya wa karatu ba ka da iko da abin da zai karanta. An matsa musu a kan Turanci har bakinsu ya faɗa, an haɗa ɗan Barno da ɗan Ilori da Basakkwace a tsakar gida ɗaya, kowa na jin yadda ake mulki a garin wani. Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, yana cikin masu karantar da su. Nan Abubakar Imam ya fito, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan kuma Sa'adu Zungur ya biyo, mutumin da sarakuna ba su ji daɗin harshensa ba.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, inda Aminu Kano ya yi karatu. A ganina hujja mafi ƙarfi ta cewa karatun ya wuce inda Turawa suka nufa ta zo ne a 1950, ranar da Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makarantar Midil, ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a gyara tsarin En'e. Ba wannan Clifford ya shuka ba.

Kafin nan, a 1949, an riga an sake ƙaura da makarantar zuwa Zariya. Sunan Barewa sai a 1971 aka laƙaba mata. Shehu Shagari, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun ci tuwonta. Gidajen kwanan ɗalibai na ɗauke da sunaye irin su Bello Kagara, Ɗan Hausa da Nagwamatse, tsofaffin ɗalibai kuwa in sun haɗu, lambar shigar kowa ake tambaya don a san wa ya riga wani. Tsohon ginin ƙasa na Katsina yana nan, an mayar da shi gidan tarihi.