Yadda Littafin Hausa Ya Baro Zariya Ya Shigo Kasuwar Kano

Kusan shekara hamsin, duk mai son a buga masa ƙagaggen labari da Hausa sai ya bi ta Zariya. A can Rupert East ya shirya gasar 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can aka yi Kamfanin Gaskiya, aka yi hukumar adabi ta NORLA, aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Ƙofa ce guda ɗaya, ƙunƙuntacciya, kuma maza ne ke wucewa ta ciki. Sai a 1980 littafin mace ya samu shiga, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid.

Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya (UPE) na 1976 da ajujuwan yaƙi da jahilci na gwamnatin Abubakar Rimi a Kano sun yaye dubban masu karanta boko. A ɗaya gefen kuma tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu (SAP) na 1986, manyan maɗaba'u suka koma kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa.

Matasa suka daina jira. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin rubutu, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ko ya ci bashi, ya kai ƙaramar maɗaba'a, sannan ya ɗauki kayansa da kansa zuwa wajen 'yan littafi a Bata da Sabon Gari a Kano. A raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, domin cinikin na farko ne zai buga na gaba. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa ya shiga lungu da saƙo, ya kai har Damagaram da Maraɗi. Su Gidan Dabino da Balaraba da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama.

A unguwarmu akwai mai shagon da ke ba da hayar waɗannan littattafai, kuma yara ake aikowa daga cikin gidaje su karɓo wa matan kulle. Na san matar da aka cire daga firamare aka yi mata aure, karatun ya kusa gudu daga kanta. Littattafan Bilkisu Funtuwa ne suka dawo mata da shi, har ta kai tana duba wa 'ya'yanta aikin makaranta. Ire-irenta ba su ƙirguwa.

Masana ba su karɓi abin hannu biyu ba. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na Onitsha, yana ganin yayi ne da zai wuce. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya kai da fata wajen kare marubutan, aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan jaridu, musamman New Nigerian. Malumfashi yana da gaskiya a wani fanni: babu edita, ƙa'idar rubutu a wargaje, wasu labaran kuma fim ɗin Indiya ne aka sa wa hula. Amma ni ina tare da masu karewa. Auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, mijin da ke ƙaro amarya alhali 'ya'yansa na kwana da yunwa, wa ya taɓa rubuta su daga bakin wadda abin ya ci? Balaraba, wadda aka aurar tana ƙarama, ta san abin da take faɗa. A 2012 aka buga fassarar Alhaki da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci, a Indiya.

Hukuma ma ta sa baki. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Ibrahim Shekarau, aka ƙona tarin littattafai a wata makarantar 'yan mata, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Sai dai ba wuta ce ta rage kasuwar ba. Fim ya fara janye marubutan, daga baya waya ta janye masu karatu zuwa WhatsApp da Wattpad.

Abin da ke damuna yanzu shi ne takardar. Mai araha ce, tana rubewa, gara na ci, kuma galibin littattafan ba su da shekarar bugu balle lambar rajista. Abdalla Uba Adamu ya tara masu yawa, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ina roƙon sassan Hausa na jami'o'inmu su bi tsofaffin dillalai su saye abin da ya rage, su ɗauki hotonsa shafi-shafi. Ke kuma da kike da su a ƙasan akwati, don Allah kada ki ba mai ƙosai.