Tuba Ko Ridda: Waiwaye Kan Kiristocin Farko Na Ƙasar Zazzau

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi kalma guda, watau "tuba", a ga irin nauyin da aka ɗora mata a tarihin Hausawan da suka shiga addinin Kirista a ƙasar Zazzau. Asalin kalmar Larabci ne, Musulunci ya kawo ta cikin Hausa, ma'anarta kuwa bawa ya bar saɓo ya koma ga Ubangijinsa. Da 'yan mishan suka zo sai suka tarar da ita a bakin jama'a, suka ara, har ta zauna daram a cikin Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. Duk wanda ya bi su sai su kira shi sabon tuba. Amma danginsa ba su ce ya tuba ba, cewa suka yi ya yi ridda. Tambayar da ta kamaci mai nazarin tarihi ita ce: shin mene ne ainihin abin da waɗannan mutane suka bari?

A shekarar 1900 ne Bishof Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya jagoranci wata tawaga zuwa Kano, cikinta har da Likita Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, suka juyo suka zauna a Girku. A 1905 Miller ya kafa mazauni a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, yana ba da magani yana koyar da yara. Waɗanda suka bi shi a shekarun farko ba su taka kara sun karya ba. Ita kanta gwamnatin Turawa ba ta sakar wa mishan mara ba, saboda alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba.

Al'amarin bai sauya ba sai a 1913, lokacin da wasu daga cikin Isawa suka zo wurin Miller da ƙafarsu. A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin su ne ƙashin bayan wannan tarihi. Isawa almajiran wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, alaihissalam, da sauraron dawowarsa. An nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi Ningi, wasu suka raɓe a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Duk wannan ya faru tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar.

To, ka ga ke nan labarin da aka saba ji a wa'azi, na mashayi ko ɗan caca da ya watsar da aikin assha ya kama hanyar kirki, bai dace da waɗannan mutane ba. Masu karatu ne, masu ibada, waɗanda iyayensu suka riga suka sha wuya a kan abin da suka gaskata. A ganina, su a wurinsu ba barin tsohuwar hanya suka yi ba, ƙarshen hanyar da Malam Ibrahim ya ɗora su a kai suka iso. Wannan siffa ta barin giya da tsafi ta fi kusa da abin da aka gani daga baya a cikin Maguzawa, kuma kuskure ne a haɗa su a ƙwarya ɗaya.

An tara su a wani sabon gari, Gimi, don su zauna su yi noma a matsayin jama'ar Kirista. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi.

Duk da haka akwai abin da aka ce su bari, kuma a nan ne kalmar zunubi ta yi kaifi. Taron bishof-bishof na Angilika da aka yi a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba. Abin da Bahaushe ya sani halal ne, har alamar girma ce ga magidanci, shi ne ya zama shamaki. Magidancin da ya so shiga sai ya zaɓi ɗaya. Ita wadda aka sallama fa, wane laifi ta yi? Labarin tuba yakan bi mijin zuwa majami'a, ya manta da matar da ta koma gidan iyayenta. Sai a 1988, bayan shekara 100 cur, taron na Lambeth ya sassauta wannan hukunci bisa wasu sharuɗɗa. Ga kuma batun gado da auratayya, waɗanda barin Musulunci ke yankewa tsakanin mutum da danginsa.

Daga ƙarshe har birnin aka bari. A 1929 mishan ta kammala ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa, tafiyar 'yan mintoci a mota daga nan Kongo, inda aka gina majami'ar Bartalamawus da ƙasa, ginin Hausa. Abin da ba su bari ba shi ne harshe da sutura da sunayen gida. Daga cikinsu aka sami John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sa'an nan da 'yan bokon Arewa, akasarinsu Musulmi, suka taru a Kaduna a 1949 don ƙaddamar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda suka ba shugabanci shi ne Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko na Arewa, wanda ya tashi a hannun mishan ɗin nan ta Zariya.