Hi, How Are You, kaset ɗin Daniel Johnston na 1983

Hi, How Are You kundin waƙoƙi ne na Daniel Johnston, mawaƙi kuma mai zane ɗan Amurka, wanda ya naɗa a watan Satumba na 1983 a jihar Texas. Wasu masu jera faya-fayai suna ba shi shekarar 1988, alhali a shekarar ne kawai kamfanin Homestead ya buga shi a faifan garmaho, bayan kaset ɗin ya yi shekara biyar yana yawo hannu da hannu. Saboda haka 1983 ce abin riƙewa. Johnston da kansa ya laƙaba masa cewa aiki ne da bai ƙarasa ba, kuma haka aka bar shi.

An haifi Johnston a Sacramento ranar 22 ga Janairu 1961, ya tashi a New Cumberland ta jihar West Virginia, a gidan Kiristoci masu riƙon addini sosai. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan iyayensa ya fara naɗar waƙa, da piyano da wata rikoda mai arha. Yana karatun zane a reshen Jami'ar Kent State da ke East Liverpool ne ya haɗu da yarinyar da ta zame masa ciwon rai. Son maso wani ne tun daga farko. Ta auri wani mai sana'ar shirya gawa da jana'iza, shi ya sa akwatin gawa da gidan jana'iza suke yawan faɗowa cikin waƙoƙinsa na soyayya tun daga kaset ɗin Songs of Pain. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka son tsoratar da mutane ne ya kawo su.

Shekarar 1983 ita ce ƙashin bayan labarin. Johnston ya koma Houston wurin yayansa, ya sami aiki a filin shaƙatawa na AstroWorld. Babu piyano a can, sai ya rungumi wata 'yar ƙaramar ogan, a garejin gidan ya naɗi kaset ɗin Yip/Jump Music. Daga nan ya wuce San Marcos wurin 'yar'uwarsa, inda ya yi Hi, How Are You. Daga baya ya ce a lokacin kansa ya soma juyewa, kuma kunne yana shaida haka: muryar siririya ce, tana rawa, ana jin shuuu ɗin kaset da ƙarar danna maɓalli, ga kayan wasan yara sun shigo ciki. A wasu waƙoƙin ma faifan jaz na Johnny Dankworth ya kunna, ya rera nasa a kai. Waƙar da ta fi fita ita ce "Walking the Cow". Amma "True Love Will Find You in the End", wadda mutane da yawa ke jinginawa ga wannan kundi, ba ta cikinsa.

Bayan ya bi wasu masu wasan yawo gari-gari, ya yada zango a Austin, yana aiki a McDonald's yana miƙa wa duk wanda ya gani kaset. Ana cewa a farko, da yake ba shi da na'urar kwafa, yakan sake rera kundi sukutum don mutum ɗaya. Labari ne mai daɗin ji, an kuma maimaita shi har ya zama kamar tabbas. Abin da ba a jayayya a kai shi ne bangon kaset ɗin zanensa ne, wato wani kwaɗo mai idanu a kan dogayen tsinkaye, Jeremiah the Innocent. A 1985 tashar MTV ta nuna Johnston a shirin The Cutting Edge.

Sauran tarihin na kwaɗon ne fiye da na waƙoƙin. Mawaƙi Kurt Cobain ya sa riga mai zanen a bikin kyaututtukan MTV na 1992, a 1993 kuma Johnston ya zana kwaɗon a bangon shagon faya-fayai na Sound Exchange a Austin. Kamfanin Atlantic ya fitar masa da kundin Fun a 1994, bai yi kasuwa ba. Fim ɗin Jeff Feuerzeig a kan rayuwar Johnston da taɓin hankalin da ya yi fama da shi ya ci kyauta a bikin fina-finai na Sundance a 2005. An tarar da shi ya mutu a gidansa da ke Waller ranar 11 ga Satumba 2019, ko da yake wasu rahotanni sun ce ranar 10 ya cika.