Feshin galaksi

feshin galaksi *suna, namiji, ilimin taurari.* Siririn aman iskar gas mai zafi da ke fitowa daga cibiyar wasu manyan tarin taurari, kusa da baƙin ramin da ke haɗiyar abin da ke kewaye da shi. Gudunsa ya kusa kai na haske.

Mafi shahara shi ne na tarin taurari mai suna M87, wanda masanin taurari Heber Curtis ya fara gani a 1918. Nisan M87 kusan shekarun haske miliyan 55 ne, kuma a ƙarshen Maris, da tsakar dare, yana ratsawa kusan daidai saman kan mutanen Maiduguri, sai dai ido ba ya ganinsa.

Igiyoyin rediyon feshin sukan karkata wuri guda, kuma karkatar ce ke nuna yadda maganaɗisu ya nannaɗe shi. A 2021 aka fitar da hoton wannan karkata a gefen baƙin ramin M87. Idan feshin ya doso mu, sai a ga kamar ya fi haske sauri, alhali kusurwar kallo ce ta jawo haka.

*Misali:* Malam ya nuna wa ɗalibai hoton feshin galaksi.