Tarihin Rayuwar Abubakar Imam da Hukuncin da Manazarta Suka Yi Masa

A shekarar 1989 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da littafin tarihin rayuwar Alhaji Abubakar Imam mai suna Abubakar Imam Memoirs, shekara 8 bayan rasuwar mai shi. Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tattara abin da marigayin ya bari na rubuce-rubuce da wasiƙu, ya tsara su suka zama littafi. Mutumin da ya ba Hausawa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda alƙalaminsa ya raini jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, sai ga labarin rayuwarsa ya fito da Turanci. Wannan kaɗai ya isa ya tantance waɗanda za su karanta shi. Littafin ya faɗa hannun malaman jami'a da ɗalibansu, su kuwa abu guda suka fi ɗauka daga cikinsa, wato shaidar cewa Imam ya aro labaransa daga littattafan wasu al'ummu. A ganina an yi wa littafin karatun mai neman hujja a gaban alƙali, alhali abin da ya ƙunsa ya fi haka faɗi, kuma ita kanta hujjar da aka zaro daga cikinsa ta fi zama abin yabo ga marubucin.

An haifi Imam a Kagara a 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja. Wanda ya taso daga Funtua ya ratsa ƙasar Sabuwa ya sauka Birnin Gwari, in ya miƙa ta hanyar Tegina zai iske Kagara a gabansa, saboda haka mutanen kudancin Katsina maƙwabtan mahaifarsa ne. Katsina kuwa ita ta gina shi. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, inda yayansa Malam Bello Kagara yake koyarwa, kuma a Midil ta Katsina ya fara aikin malanta. Yana can ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na shi Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Saurayi ɗan shekara 22 ne ya zauna ya ƙago Alhaji Imam da abokin dabinsa Malam Zurƙe, a lokacin da babu wani littafin hira na boko da zai duba ya ga yadda ake yi.

A nan ne littafin tarihin ya buɗe abin da ya zama makamin manazarta. Imam bai ɓoye ba cewa dabarar haɗa mutum biyu masu yi wa juna wayo ya samo ta ne daga Maƙamatul Hariri, inda Abu Zaid da Harisu suke haɗuwa su rabu gari bayan gari. An kuma san cewa East, da ya karanta rubutun farko na Ruwan Bagaja, ya nuna wa marubucin wuraren da ya gane an ɗebo su daga wasu littattafai. Abin sha'awa shi ne, shi wannan East ɗin, da ya ga baiwar yaron, sai ya sa aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na mutanen Indiya, ya ce ya zauna ya sarrafa su. Cikin 'yan watanni Magana Jari Ce ta samu, littafi uku, da akunta mai riƙe ɗan sarki da hira har gari ya waye. Akwai sawun Alfu Laila a ciki, akwai na Kalila wa Dimna, akwai na tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, su Grimm. Shi kansa akun da ke hana mutum fita da daɗin labari tsohon salo ne a adabin Indiya da Farisa. Duk wanda ya karanta tarihin rayuwar zai ga cewa aikin a fili aka yi shi, da sanin hukuma, da umarninta ma.

Wannan bayani ya zauna shiru na ɗan lokaci, sai da rigimar littattafan soyayya na Kano ta tashi a shekarun 1990 sannan ya yi amfani. Farfesa Ibrahim Malumfashi yana cikin waɗanda suka fi tsananta suka ga abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsu ba su da nauyin da zai sa su daɗe. Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu marubuta suka tsaya wa matasan, aka yi ta musayar ra'ayi a shafukan adabi na jaridu irin su New Nigerian Weekly da Weekly Trust. Da aka zargi marubutan Kano da kwashe labaran finafinan Indiya, sai masu kare su suka ɗaga tarihin Imam suka ce to ga uban gidan nan shi ma aro ya yi, kuma da bakinsa ya faɗa. Adamu ya ɗauki wannan dabara ta sarrafa baƙon labari a matsayin gado mai asali a adabin Hausa, har ya laƙaba mata sunan Imamanci. Malumfashi kuma ya bi diddigin labaran ɗaya bayan ɗaya, ya nemo tushensu, aikin da ya fito a littafinsa Adabin Abubakar Imam a 2009. Ɓangarorin biyu sun yi wa ilimi hidima, domin a yau ɗalibi ya san abin da malaminsa bai sani ba game da asalin waɗannan labarai. Illar ita ce abin da ya tsallako daga wannan muhawara zuwa bakin jama'a bai wuce jimla guda ba, wai ashe Imam ma kwafa ya yi.

Wannan jimla ba ta yi adalci ba, kuma hanyar gane haka ita ce a ɗauki labari guda a duba. Labarin Kalala da Kalalatu ya ishe mu. Mace ta soya kaji domin baƙon mijinta, kwaɗayi ya ja ta ta cinye, sai ta raɗa wa baƙon cewa wuƙar da maigidan yake wasawa ta yanke masa kunne ce, ta koma ta gaya wa mijin cewa baƙonsa ya sure kajin ya gudu. Miji ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda, baƙo yana jin kunnensa ake nufi yana ƙara mai. Ƙashin wannan labari yana cikin littafin su Grimm, inda kuku ce take yi wa ubangidanta haka. To, amma wa ya taɓa karanta shi da Hausa ya ji ƙanshin Jamus? Zauren na Bahaushe ne, kunyar baƙo ta Bahaushe ce, alfaharin maigida mai son a ce yana ciyarwa namu ne, kuma dariyar da ke kama mai sauraro daga zubin maganar take fitowa. Madugun da ya sayo farin ƙyalle a wata ƙasa ya kai shi marina aka rine, aka buga, aka yi masa aiki a wuya, ba wanda zai ce rigar ba ta garinsu ba ce. Ƙashin labari kowa yana iya samu, su kansu su Grimm daga bakin mutane suka tattara nasu, Alfu Laila kuma ta sha daga Farisa da Indiya kafin ta zauna da Larabci. Abin da ba a arowa shi ne harshen da Imam ya rubuta da shi, kuma wannan harshen ne ya zama ma'aunin rubutun Hausa har yau.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi, kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba. Masu ita suna cewa littafin tarihin aiki ne da masoyi ya shirya bayan mutuwar gwarzonsa, don haka yabo ya rinjayi bincike, kuma ya yi wa Turawan mulki sassauci, musamman East. Akwai gaskiya a nan. Ba Imam ne ya yanke shawara ta ƙarshe kan abin da zai shiga da abin da za a bari ba, kuma mai karatu yana da damar tambayar inda muryar marubucin ta tsaya, inda ta mai shiryawa ta fara. Haka kuma ba a musun cewa Hukumar Fassara da Gaskiya kayan aikin gwamnatin mulkin mallaka ne, an kafa su ne don biyan buƙatunta. Sai dai littafin da ya kawo wasiƙu da takardu yadda suke ya ba mai suka makamin da zai soke shi da shi, abin da littafin yabo zalla ba ya yi. Daga irin waɗannan takardu ne ake ganin cewa zaman Imam da East a Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, bai rasa saɓani ba, kuma godiyar ɗalibi ga malami ba ta hana shi buɗe baki ba. Wanda ya ce almajirin Bature ne kawai, sai ya bayyana mana dalilin da ya sa wannan almajiri ya zauna yana rubuta wa tsohon Gwamna Lugga koke-koken talakawan Arewa game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e.

Batun Lugga ya kai mu ga tafiyar 1943, inda Imam ya gana da shi, tafiyar da masana tarihin siyasa suka fi kula da ita fiye da masana adabi. A wannan shekara aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana cikinsu, Nnamdi Azikiwe ma yana ciki. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa ranar ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Mutanen Kudu sun daɗe suna kallon wannan a matsayin ja da baya, wasu 'yan NEPU ma ba su ga abin yabo a ciki ba. Amma hujjarsa a bayyane take, Arewa ba ta da 'yan bokon da za su riƙe ofisoshi, kuma shi bai ga wanda ya wakilta shi ya sa hannu da sunan miliyoyin mutane ba. Ana iya ƙin yarda da shi, ni ma ina ganin tsoron ya yi yawa, sai dai wannan damuwa ita ce ta ja shi cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa bayan 'yan shekaru. Labarin tafiyar ya rubuta shi da Hausa a Tafiya Mabuɗin Ilmi, mutanensa suka karanta. Hisabin da ya yi wa rayuwarsa gaba ɗaya ne bai iso gare su da harshensu ba.

Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin duka. Masu karatun Imam na haƙiƙa suna garuruwa irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Su ne manoman auduga da suka koyi baƙi da wasali a ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, su ne waɗanda ake karanta wa Gaskiya a dandali bayan la'asar, su ne 'yan firamaren da suke zagaye kwafi guda na Magana Jari Ce wanda bangonsa ya tafi, an ɗinke bayansa da zare, yaro ɗaya yana karantawa sauran sun zuba kunne. An yi muhawara a kan marubucinsu, an kafa hujja da maganarsa, an yanke hukunci, yawancin abin da Turanci, su kuwa sai guntun labari ya iske su. Kuma wannan yanki yanzu karatun kansa yana cikin wahala, tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, bayan wata biyu aka shiga ta Kagara, mahaifar shi Imam. Yaran da ke komawa aji cikin irin wannan hali sun cancanci su karanta da Hausa yadda ɗan wani malamin Kagara ya zauna da littattafan baƙi a Zariya ya fitar da abin da ya fitar, da abin da ya faɗa wa East, da dalilinsa na ƙin bin Azikiwe. Kamfanin NNPC yana nan a Zariya, sassan Hausa suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma masu iya juya littafin zuwa Hausar da ta dace da mai shi ba su yi ƙaranci ba.